Babi na Biyar: Shaidar Ganye

Manomin da ya shiga gonarsa ya tarar wuta-wuta ta baza fure tsakanin kunyoyin dawa ba sai ya kai ƙasarsa ɗakin gwaji kafin ya san ta gaji ba. Ciyawar ta riga ta ba shi labari, kuma labarin da ta bayar na shekaru ne, domin a ƙasar da aka daɗe ana ci ba a mayar mata da taki ba ta fi yin ƙarfi. Wannan tsohuwar dabara ta karanta tsiro ita ce masana suka ɗauke daga ƙasa suka mayar ga iskar da muke shaƙa, sama da shekara 150 da suka wuce. Hujjar da zan kafa a wannan babi ɗaya ce. Na'urar awon iska tana faɗin yawan dafin da ya ratsa ta bakinta, a daidai inda aka kafa ta, a lokacin da take kunne. Tsiro kuwa yana nuna ɓarnar da dafin ya riga ya yi wa abu mai rai, a duk inda ya tsiro, dare da rana, ko da wuta ko babu. Ƙasar da na'urorinta ba su taka kara sun karya ba ta fi kowa bukatar wannan shaida ta biyu, muddin za ta karɓe ta da ƙa'ida.

A 1866 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Finlan da ke zaune a Faransa, William Nylander, ya rubuta jerin wasu halittu da ya samu a jikin itatuwan lambun Luxembourg da ke tsakiyar birnin Paris. Ana kiransu laiken. Wanda ya taɓa lura da dabbare-dabbare masu ruwan toka ko ɗorawa da ke manne a bawon tsohuwar bishiya ko a fuskar dutse, kamar ƙyasfi a jikin mutum, ya gan su. Kowane ɗaya haɗin gwiwa ne na halittu biyu: dangin naman gwari da ke gina jikin, da wata ƙaramar koriyar halitta da ke zaune a ciki tana dafa musu abinci da hasken rana. Ba su da saiwa, ba su da wannan sulɓin da ke rufe fuskar ganye, kuma ba sa kaɗe jiki su yi sabo kamar yadda bishiya ke zubar da ganye. Duk abin da iska da raɓa da ruwan sama suka kawo, jikin ne gaba ɗaya ke sha. Nylander ya lura cewa sauran sassan birnin sun kusa rasa su, lambun ne kawai ya rage, sai ya ce ana iya auna lafiyar iska da su. Kafin ƙarnin ya ƙare hayaƙin kwal ya share su daga itatuwan lambun ma, kuma ba a sake ganinsu a can ba sai wajen 1990.

Abin da ke kashe su shi ne hayaƙin farar wuta da ke fita idan an ƙona kwal, wanda ke lalata koriyar halittar da ke ciyar da haɗin. Sai dai ba dukansu ke mutuwa lokaci ɗaya ba, kuma nan amfanin yake. Masu reto kamar gemu su ne na farkon tafiya, sai masu faɗi kamar ganye, a ƙarshe a bar masu manne wa bawo kamar ɓawon gyambo. A 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka tsara wannan jerin gwano ya zama ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 10 domin Ingila da Wales, suka daidaita kowane hawa da adadin hayaƙin farar wuta da na'urori suka auna a lokacin sanyi. Daga nan mutum na iya tsayawa gaban itace, ya duba irin laiken da ke jikinsa, ya yi ƙiyasin hayaƙin unguwar. Aikin ya yi sauƙin da a farkon shekarun 1970 dubban 'yan makaranta a Birtaniya suka zaga unguwanninsu da 'yan katuna, aka tara abin da suka gani aka zana taswirar ƙasar. Da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta biyo bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, ta fara aiki, laiken suka soma komawa birnin, kuma Hawksworth da wani abokin aikinsa sun rubuta wannan dawowar a 1981. Wani abin lura shi ne, waɗanda suka fi yaɗuwa daga baya su ne masu ruwan ɗorawa, masu son sinadarin naitirojin da ke fita daga salansar mota da garken dabbobi. Gurɓatar ta sake kama, bawon itacen ma ya sake labari, ba tare da kowa ya saita shi ba.

Labarin da ya fi kusa da manomi a Amurka ya faru. A 1944 masu lambu a kewayen Los Angeles suka fara ganin ganyayen miya suna wani irin ƙyalli da ƙuna da ba su saba gani ba, kuma babu ƙwaro ko cuta da aka kama da laifin. A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit, masanin kimiyyar sinadarai a jami'ar Caltech, ya nuna cewa hayaƙin mota da tururin fetur, idan rana ta dafa su, suna haifar da ozon da wasu sinadarai masu cin ganye da ido. Ozon ɗin nan shi ne dai wanda ke can sama yana tare mana hasken rana mai cutarwa; a ƙasa, inda ake shaƙarsa, guba ne. A daidai wannan lokaci masu noman taba a kwarin Connecticut suna asara. Tabarsu ta naɗe sigari ce, wadda kyan ganye ne kuɗinta, ga shi tana fitar da ɗigo-ɗigo bayan ranakun zafi masu hazo. Yanayi suka ɗora wa laifin. Sai a 1959 Howard Heggestad da John Middleton suka tabbatar ozon ne. Maimakon a yar da irin tabar da ta fi saurin kamuwa, sai aka ware ta a cibiyar binciken noma ta Beltsville da ke Maryland, aka raɗa mata suna Bel-W3, ta zama tsiron awon ozon da aka fi amfani da shi a duniya. Rauninta ne ya zama sana'arta.

Ya kamata a kalli ganyen nan da kyau, domin ozon yana da irin nasa rubutun. Ɗigon yana fitowa ne a saman ganye, ka juya bayansa ka tarar da shi kore shar. Yana zama tsakanin jijiyoyi, ya bar jijiyoyin da korensu. Da farko kamar an yayyafa ruwa ne ya jiƙa wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu ya bushe ya koma fari ko ruwan ƙasa, ƙanana kamar kan allura, idan abin ya yi yawa su haɗe su zama tabo. Sabon toho na sama yakan tsira, ganyen da ya gama buɗewa ne ke shan wahala. Inda wani ganye ya hau kan wani ya yi masa inuwa kuwa, sai ka ga wurin da aka rufe ya fita fes, da iyakarsa kamar an zana da alƙalami. Tabar tana fara nuna wannan alama tun ozon yana wajen kashi 40 cikin biliyan ɗaya na iska, adadin da mutum zai wuni a ciki bai ji komai ba.

Mai suka na farko zai ce ganye ba ya magana da baki ɗaya. Ƙishirwa tana ƙona shi, rashin taki yana sa shi ɗorawa, ƙwari masu tsotsa suna barin ɗigo mai kama da wannan, feshin da aka zuba fiye da kima ma haka. To, ta yaya za a rantse cewa iska ce? Wannan suka gaskiya ce, kuma ita ce ta raba aikin masani da na mai duba. Amsar ita ce ba a dasa Bel-W3 ita kaɗai. Ana ajiye ta kusa da 'yar'uwarta Bel-B, wadda ke jure ozon, a tukunya iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya da ke hawa ta lagwani daga wani mazubi a ƙasa, ƙarƙashin rumfar raga iri ɗaya. Idan ƙwaro ne ko fari, su biyun zai taɓa. Idan ɗaya ta yi ɗigo ɗaya ta tsira, zargi ya koma kan iska. Bayan mako biyu a ƙiyasta kashi nawa na kowane ganye ya mutu, a kwashe, a kawo sababbi masu shekaru ɗaya. Da wannan tsari aka gudanar da shirin EuroBionet daga 1999 zuwa 2002 a wurare 12 cikin ƙasashen Turai 8, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Hohenheim ta Jamus. Sakamakon ya nuna ɓarnar tana ƙaruwa daga arewacin nahiyar zuwa kudu mai rana, kuma ta fi tsanani a bayan gari fiye da tsakiyarsa. Wannan na biyun yana ba mutane mamaki, amma dalilinsa sananne ne: ɗanyen hayaƙin mota yana cinye ozon a inda cunkoson yake, iska kuma ta kwashi kayan haɗin zuwa karkara, su nuna a hanya. Birni ke dafawa, ƙauye ke ci.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Doka lamba take so. Alƙali ko jami'in hukumar muhalli ba zai rufe masana'anta don ganye ya yi ɗigo ba. Yana son a ce masa adadi kaza ne a cikin iska, iyakar da aka yarda kuma kaza ce. Ga shi kuma adadin ozon ɗaya yana iya yi wa tsiro mummunar ɓarna yau, gobe ya bar shi lafiya, to ina amfanin ma'aunin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? A ganina a nan ne tsiron ya fi na'urar gaskiya. Ozon yana shiga ganye ta 'yan ƙananan hudojin numfashi da tsiro ke buɗewa idan ya ƙoshi da ruwa, ya rufe idan ƙishirwa ta kama shi. Saboda haka shukar da ke fama da fari tana iya tsira a iskar da za ta illata shukar da ake yi wa ban ruwa. Na'ura ba ta san wannan ba, abin da ke waje kawai take ƙirgawa. Masanan Turai sun daɗe suna ƙiyasta asarar amfanin gona da adadin da ke cikin iska, har gwaje-gwajen tsirrai suka tilasta musu komawa ga lissafin abin da ya shiga cikin ganyen. Na yarda tsiro ba zai maye gurbin lamba a gaban shari'a ba. Amma shi ya koya wa masu lambar abin da ya kamata su ƙirga.

Akwai wani rukunin tsirrai da ba sa nuna ciwo, sai dai su yi ajiya. Gansakukar tudu, wadda ke shimfiɗa kamar darduma a dazuzzuka masu laima, ita ma ba ta da saiwa ta gaske, kuma jikinta yana riƙe ƙarafan da suka sauko daga sama. A 1968 Åke Rühling da Germund Tyler na Jami'ar Lund a Suwidin suka nuna ana iya auna dalmar da iska ke saukewa ta hanyar tsintar gansakuka a kai ta ɗakin gwaji. Daga 1990 ƙasashen Turai suke yin wannan tsinta tare duk bayan shekara biyar, a dubban wurare, da ƙa'idar cewa a nisanci babbar hanya da aƙalla mita 300, a sa safar hannu, a ɗauki tohon shekaru biyu zuwa uku na ƙarshe kawai. Tsakanin 1990 da 2010 dalmar da ke cikin gansakukar ta ragu da sama da kashi 70 cikin ɗari, galibi saboda an daina zuba ta a fetur. Misalin da ya fi fito da hujjata fili kuwa na birnin Portland ne a jihar Oregon. A Disambar 2013 masu binciken hukumar gandun daji ta Amurka suka tsinto gansakuka daga jikin itatuwa a wurare 346 cikin birnin, wanda a lokacin na'ura ɗaya tak ta dindindin yake da ita ta auna irin waɗannan gubobi. Taswirar da ta fito ta nuna wurare biyu da ƙarfen kadmiyom ya taru, kowanne a kewayen masana'antar gilashi mai launi. Sai hukumar jihar ta kai na'ura ta kafa kusa da ɗaya a Oktoban 2015, ta sami kadmiyom ya ninka mizaninta sau 49. A 2016 maganar ta fasu, masana'antar ta dakatar da amfani da shi. Na'urar ce ta ba da lambar da ta motsa hukuma, amma gansakuka ce ta nuna mata lungun da za ta tsaya. Idan birni mai arziki irin wannan ya yi shekaru yana shaƙar guba a bayan idon na'urarsa, sai a yi tunanin birnin da ba shi da ko ɗayar.

Za a kuma ce, mu damuwarmu huhun mutum ce, ba ganyen taba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 7 a shekara, kuma babban mai kisan shi ne ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke ratsawa har cikin jini. A nan dole a sassauta murya, domin tsirrai ba su da kaifi wajen nuna wannan ƙurar, kuma hayaƙin murhun da mace ke shaƙa a madafa babu bishiyar da za ta ba da labarinsa. A 1997 Cesare Cislaghi da Pier Luigi Nimis sun nuna cewa a yankin Veneto na Italiya, inda laiken suka yi ƙaranci nan ne mutuwar maza 'yan ƙasa da shekara 55 da sankarar huhu ta fi yawa. Taswirorin biyu sun yi kama ƙwarai, amma kama ba ta nufin ɗaya ce ta haifi ɗaya. Abin da za a iya cewa shi ne iska ɗaya suka sha.

Sukar da ta fi shafar mai karatu a Kano ko Maraɗi ita ce ta yanayi. Duk waɗannan dabaru a ƙasashe masu laima aka ƙirƙiro su. A Turai rashin laiken a jikin itace alamar hayaƙi ne, a Sahel kuwa yana iya zama alamar wata bakwai ba ruwa kawai. Wanda ya ɗauko ma'aunin Hawksworth da Rose ya shiga da shi dajin Katsina zai yanke wa iska mai tsabta hukuncin da ba nata ba. Ga kuma hunturu, da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ya shafe kowane ganye da ita, har ya yi wuya a rabe ƙarfen da ya fito daga bututun masana'anta da wanda hamada ta aiko. Ga matsala ta uku: alayyafo ko latas da aka noma da ruwan kogin Jakara na Kano, idan aka sami ƙarfe a cikinsa, ta saiwa ya sha ko ta sama? Duk waɗannan gaskiya ne, sai dai abin da suke rushewa shi ne kwafar jerin tsirran Turai, dabarar kanta tana nan. Inda gansakuka ba ta tsiro, ana ɗinka ta cikin 'yar jakar raga a rataye ta na wasu makonni, dabarar da aka fara gwadawa a yankin Swansea na Wales a farkon shekarun 1970. Bawon itace ma yana tara abin da iska ta kawo, kuma dogon yaro yana tsaye a bakin kusan kowane titi daga Sakkwato zuwa Maiduguri zuwa Yamai, iri ɗaya, wanda shi ne sharaɗin farko na kwatance. Ƙurar hamada tana da nata tambarin, domin ƙarafan ƙasa irin su alminiyom suna zuwa da wani sanannen kaso, duk abin da ya haura wannan kaso daga hannun mutum ya fito. Matsalar saiwa kuma tukunya da ƙasa mai tsabta ke warware ta. Aikin ma ba baƙo ba ne a Nijeriya, tun shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Ibadan suke auna ƙarafa a gansakukar kudu maso yamma. Abin da ya rage shi ne tsari, a ce bawon dogon yaro na unguwannin masana'antun Kano, Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da na kewayen kamfanonin siminti na Kalambaina da Ashaka, da na ƙauyen da ke nesa da duk wannan, an ɗauke su a wata ɗaya, a tsayi ɗaya, a gefe ɗaya na itacen, kuma a maimaita duk bayan 'yan shekaru.

Wani zai ce zamani ya wuce nan, tunda yanzu akwai ƙananan na'urori masu araha da ake liƙawa a bango, ga tauraron ɗan'adam yana leƙo iska daga sama. Alheri ne, a sa su da yawa. Amma ƙaramar na'urar yawan ƙura take ƙiyastawa, ba ta san ko ta hamada ce ko ta dalmar tsohon batir da ake narkarwa a bayan gida ba, tana kuma bukatar wuta da intanet da mai daidaita ta. Tauraron kuwa faɗin kilomitoci yake haɗawa a ɗigo ɗaya, unguwa ta ɓace a ciki.

Inda nake ganin bukatar ta fi gaggawa shi ne gona. Kayan haɗa ozon duk suna nan a ƙasar Hausa da rani: ƙunar daji da ta karan gona, hayaƙin janareta da na a-daidaita-sahu, da rana mai ƙarfi da za ta dafa su. A daidai lokacin ne kuma alkamar Kadawa da ta fadamun Haɗeja take tsaye cikin ruwa, hudojin ganyenta a buɗe. Gwaje-gwaje sun nuna alkama da dangin wake da waken suya suna cikin amfanin gona mafi rauni a gaban ozon, gero da dawa sun fi su juriya. Ozon yana iya rage awon hatsi ko da ganye bai nuna tabo ba, ta hanyar tsufar da shi da wuri kafin ƙwaya ta cika, kuma manomin da ya ga buhunansa sun ragu taki zai zarga, ko iri, ko sanyin da bai zauna ba. Malamin gona ma ba a koya masa neman wannan alama ba. Bel-W3 za ta iya fara aikin a rumfunan makarantun sakandare da cibiyoyin noma, ko da yake zafin Afrilu zai wahalar da ita. Mafi dacewa shi ne a samo tagwaye na gida, ɗaya mai rauni ɗaya mai juriya, daga amfanin da manomi ya sani. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, mai tasha a Kano, tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a rumbunta na Ibadan, cibiyar binciken noma ta Samaru kuma ta shafe shekaru tana fitar da iri. Masu wannan aiki sun saba zaɓen mai ƙarfi su yar da rago. A wannan karon ragon ake nema, a ware shi a ba shi suna, kamar yadda aka yi a Beltsville.